Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙasa Da Majalisar Dokoki: An Karrama Bishop Kukah, To Ina Rahoton Oputa?

Mai girma Shugaban Ƙasa, Bola Ahmed Tinubu,
Masu girma Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da ke wuyanku, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa.

Ni malamin makaranta ne mai ritaya, Musulmi, ɗan Arewa. Ba ni da muƙami kuma ba na riƙe da katin kowace jam'iyya. Ina magana ne da bakin iyalan da suka rubuta koke suka aika wa Hukumar Binciken Take Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka fi sani da Kwamitin Oputa, suka zauna jiran amsa, har yau shiru kake ji. Gidanmu na cikinsu. Ba wanda ya naɗa ni wakili, amma na zauna da mutane irin namu, Musulmi da Kirista, na kuma san cewa abin da zan faɗa yana ransu.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar 12 ga Yunin 2025, a gaban zaman haɗin gwiwa na majalisun nan biyu, Shugaban Ƙasa ya karanto sunayen waɗanda ƙasa ta karrama saboda gwagwarmayar dimokuraɗiyya. Akwai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, irin su Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Hajiya Kudirat Abiola da Ken Saro-Wiwa. Akwai masu rai, cikinsu har da Bishop Matthew Hassan Kukah na ɗariƙar Katolika a Sakkwato, wanda aka ba lambar girmamawa ta ƙasa mai suna CON. Na ji daɗi ƙwarai. Amma daɗin bai yi nisa ba, domin aikin da ya fi kowanne cin ƙarfin wannan bawan Allah, wanda a cikinsa ne aka saurari irin abin da aka yi wa mutane a zamanin da waɗancan mamatan suka rasa rayukansu, yana kulle tun 2002. Babu gwamnatin da ta taɓa fitar da shi a hukumance. An rataya wa mutum lamba a wuya, an bar aikinsa a akwati.

Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in tuna muku ko wane ne wannan mutum, domin yaran yanzu ba su san shi ba sai ta ɓangaren cece-ku-cen da ke biyo bayan saƙonninsa na Kirsimeti da Ista.

An haife shi ranar 31 ga Agustan 1952 a Anchuna, ƙasar Ikulu, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna. Ɗan ƙauye ne daga ƙaramar ƙabila, irin waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana rabon abin duniya. Ya yi ƙaramar makarantar horon limaman Katolika a Zariya, ya wuce babba a Jos, aka keɓe shi fada a watan Disamban 1976 yana ɗan shekara 24. Daga baya ya tafi Ingila, ya karanci ilimin zaman lafiya a Jami'ar Bradford, sannan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Landan. Abin da ya zaɓa ya bincika shi ne yadda addini da siyasa da mulki suka cuɗanya a Arewacin Nijeriya, binciken da ya fito a matsayin littafi a 1993. Wato tun yana matashi ya sa hannu a wurin da mutane da yawa ke tsoron taɓawa.

A zamanin Janar Sani Abacha yana Legas a matsayin babban sakataren ofishin ɗariƙar Katolika na ƙasa. Mai girma Shugaban Ƙasa, ba sai an ba ku labarin wancan zamani ba, domin ku kanku gudun hijira kuka yi. Kun san lokacin da Doka ta 2 ta ba da damar a tsare mutum ba tare da an kai shi kotu ba, lokacin da ɗan jarida kan fita da safe iyalinsa ba su san ko zai dawo ba. Fada Kukah yana cikin ƙasa, yana rubutu yana magana, da sunansa, ba a ɓoye ba.

Da aka dawo mulkin farar hula, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin a watan Yunin 1999 ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, aka sa Kukah a ciki. Cikin 'yan kwamitin akwai Uwargida Elizabeth Pam, matar Laftanar Kanal James Pam da aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, ranar da aka kashe Sardauna. Daga wannan rana ce aka ce kwamitin ya faro bincikensa, har zuwa Mayun 1999. Koke fiye da 10,000 suka shigo, kaso mai yawa daga ƙasar Ogoni da ke Jihar Ribas. Daga Oktoban 2000 aka fara zaman sauraron jama'a, aka yi a Abuja da Legas da Fatakwal da Inugu da Kano, ana nunawa a talabijin. Duk wanda ya kai shekarun hankali a lokacin zai tuna yadda gari kan yi tsit. Mun ga manyan jami'an tsaron da sunansu kaɗai kan sa gaban mutum ya faɗi, suna tsaye ana yi musu tambaya. Mun ga zawarawa da marayu suna faɗin abin da ba su taɓa faɗa a fili ba. Shi kansa Obasanjo, yana kan mulki, ya zo ya amsa tambayoyi. Tsofaffin shugabanni uku, Janar Buhari da Janar Babangida da Janar Abdulsalami, ba su amsa gayyata ba. A watan Mayun 2002 aka miƙa rahoton.

Bayan haka ma ƙasa ba ta bar Kukah ya huta ba. Shi ne sakataren Taron Gyaran Siyasa na 2005. A shekarar kuma aka ɗora masa sasanta mutanen Ogoni da kamfanin Shell, aikin da ya share hanyar binciken hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ce a 2011 gyaran ƙasar Ogoni na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Yana cikin kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais da Shugaba Umaru 'Yar'aduwa ya kafa a 2007. A watan Satumban 2011 aka naɗa shi Bishop na Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya, inda mabiyansa 'yan tsiraru ne. Kuma shi ne ƙashin bayan Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa da ya sa Jonathan da Buhari suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya kafin zaɓen 2015. Shugaban wannan kwamiti shi ne Janar Abdulsalami, mutumin da bai zo gaban Oputa ba. Kukah bai ce sai an biya shi wancan bashi kafin ya zauna da shi don ƙasa ta tsira ba. Wannan hali ya burge ni fiye da duk jawabansa.

Ba duk abin da ya faɗa nake yarda da shi ba, kuma gara in faɗi haka a fili. Saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya yi wa Musulmi da yawa zafi, ni ma akwai jimlolin da na ga da an tausasa su da sun fi isar da saƙo. Amma da wata ƙungiya a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar garin, ban goyi baya ba, kuma fadar shugaban ƙasa ta lokacin, wadda ita ce ya soka, ta fito ta ce ɗan ƙasa na da 'yancin zama inda ya ga dama. Mutum ne da ya yi wa'azin jana'izar ɗalibinsa ɗan shekara 18 da masu garkuwa suka sace daga makarantar horon limamai a Kaduna suka kashe a farkon 2020. Da hankali ya tashi a Sakkwato a Mayun 2022 har aka taɓa majami'unsa, kiran da ya yi shi ne a kwantar da hankali a bar hukuma ta yi aikinta. Wanda ya binne nasa kuma bai ce a ɗau fansa ba, ya cancanci a saurare shi ko da harshensa na da kaifi.

To yanzu ga kokenmu.

Na farko, dalilin da gwamnati ta fake da shi bai kai ya hana fitar da rahoton ba. A farkon 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ta taso daga ƙarar Janar Babangida, inda marigayi lauya Gani Fawehinmi ke ɗaya ɓangaren. Kotu ta ce a ƙarƙashin Tsarin Mulkin 1999, Gwamnatin Tarayya ba ta da hurumin kafa irin wannan kwamitin bincike mai ikon tilasta wa mutum ya bayyana, sai a cikin Babban Birnin Tarayya, domin wannan hurumi na jihohi ne. Muna girmama kotu. Amma maganar ikon tilasta wa shaida daban, maganar abin da dubban mutane suka zo da ƙafarsu suka faɗa don radin kansu daban. Ba wanda ya tilasta wa mahaifiyarmu. A Janairun 2005 wasu ƙungiyoyin farar hula suka gaji da jira suka saki rahoton a intanet, kuma sama ba ta faɗo ba. Sai dai rahoton da gwamnati ba ta karɓa a matsayin nata ba, ba ta fitar da farar takarda a kansa ba, wato takardar da ke bayyana matsayin gwamnati, ba ya ɗaure kowace ma'aikata. Ba mai iya riƙe shi ya je ofis ya ce ga abin da ƙasa ta amince an yi mini.

Bari in faɗi abin da wannan ke nufi a gida ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 wasu mutane suka zo da dare suka tafi da yayana, wanda ke cikin harkar ƙungiyar ma'aikata. Ba takarda, ba bayani. Watanni suka shuɗe kafin ya dawo, kuma wanda ya dawo ba shi ne wanda aka tafi da shi ba: baya ya lalace, barci ya ƙaurace masa, ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Bai daɗe ba Allah Ya yi masa rasuwa. Da aka yi shelar kwamitin, ni na rubuta koken, Inna ta dangwala yatsa. Ba a kira mu zaman fili ba, kuma ba mu yi fushi ba, mun san ba zai yiwu a kira kowa ba. Abin da take tambayata har ta koma ga Mahaliccinta shi ne, “Sun ce me?” Ba kuɗi take tambaya ba. So take ta ji hukuma ta ce ɗanta ba ɓarawo ba ne, zaluntarsa aka yi. Irin wannan gida akwai shi a garin Bori na ƙasar Ogoni, akwai shi a Asaba, akwai shi a Zangon Kataf da Kano.

Na biyu, shaidu suna ƙarewa. Gani Fawehinmi, wanda ya shafe shekaru yana neman a gano wanda ya aika wa ɗan jarida Dele Giwa bam a cikin ƙunshin saƙo ranar 19 ga Oktoban 1986, ya rasu a 2009. Mai Shari'a Oputa ya rasu a 2014. Uwargida Pam ta tafi. Janar Buhari ya rasu a watan Yulin 2025, Allah Ya jiƙansa, ba tare da ƙasa ta ji nasa bayanin a kan koken da aka kai game da mulkinsa na soja ba, kuma wannan rashi ne har ga masoyansa. Janar Babangida ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa a Fabrairun 2025, ya amince cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993. An yaba masa. Amma littafin da mutum ya rubuta game da kansa ba mai yi masa tambaya a ciki, kuma waɗanda aka zalunta ba su da mawallafi ba su da taron ƙaddamarwa. Shi kansa Bishop Kukah zai cika shekara 75 a watan Agustan 2027, shekarun da dokar cocinsu ta ce bishop ya miƙa wa Paparoma takardar ajiye aiki. Ya rubuta nasa littafin a kan abin da ya gani a kwamitin, ya fito a 2011, amma shaidar mutum ɗaya, komai girmansa, ba ta maye gurbin amincewar ƙasa. Ga kuma takardun koken su kansu, da kaset-kaset ɗin zaman. Kaset ba ya jure shekaru da zafi da laima. Muna son a gaya mana inda suke da halin da suke ciki.

Na uku shi ne mafi ciwo. Abin da aka ƙi dubawa ya ci gaba da maimaituwa, a ƙarƙashin farar hula kuwa. Kwamitin na kan aiki sojoji suka ragargaza garin Odi na Jihar Bayelsa a Nuwamban 1999. Ana gab da kammala zamansa sojoji suka yi kisa a Zaki Biam ta Jihar Binuwai a Oktoban 2001. A Disamban 2015 aka yi na Zariya, inda jami'in gwamnatin Jihar Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. A Oktoban 2020 aka yi na Lekki a Legas, inda aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri. Kowanne da yanayinsa, ban ce duk iri ɗaya ba ne, wani ganganci ne wani kuskure aka ce. Amma abin da ke biyo baya kusan ɗaya ne: a yi ta'aziyya, a kafa kwamiti, a karɓi rahoto a ɗauki hoto, sai kuma a yi shiru. Ƙaramin jami'in da ya ga ba a taɓa tambayar na gaba da shi ba, me zai sa ya ji tsoron a tambaye shi? Miki idan aka ɗaure shi ba a wanke ba, ruɓewa yake yi daga ciki, kuma abin da muke ji yanzu warinsa ne. Ina girmama sojojinmu da 'yan sandanmu da ke mutuwa a dazukan Zamfara da Borno don mu kwana lafiya. Saboda su ma nake wannan magana, domin jami'in kirki shi ya fi kowa cutuwa idan jama'a suka daina bambance shi da azzalumi.

Na huɗu, rashin tarihi guda da kowa zai koma gare shi ya bar kowace al'umma da nata. A gaban kwamitin, ƙungiyar Ohanaeze ta kawo koken Ibo a kan kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa, ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa ta mayar da martani da nata bayanin. An yi zafi, amma a zaure ɗaya aka yi, kowa na jin kowa. Yau jikokinsu ne ke wannan muhawara a Facebook, ba alƙali, ba shaida, sai zagi. Ɗan Arewa ya san daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, bai san kisan da sojojin tarayya suka yi wa fararen hula a Asaba a 1967 ba. Ɗan Kudu ya san Asaba, bai san Hausawan da aka kashe a Zangon Kataf a 1992 ba. Bakatafe kuma zai ba ka labarin kotun musamman da ta yanke wa Janar Zamani Lekwot da wasu hukuncin kisa, yana ganin ba a yi musu adalci ba. Na koyar a aji, na san yadda yaro ke zuwa da rabin labari daga gida, ya riƙe shi kamar karatun sallah. Malami ba shi da abin da zai ɗora masa a gaba ya ce ga abin da ƙasarka ta bincika ta gano.

Na biyar gajere ne. An mayar da malaman addini mayafin rufe kunya. Idan wuta ta kama sai a nemo bishop, a nemo shehi, saboda jama'a sun yarda da su. Idan ta lafa sai a ajiye abin da suka rubuta. Haka aka yi da babbar shawarar kwamitin Uwais, ta cewa a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai. Haka aka yi da mafi yawan abin da kwamitin Sheikh Ahmed Lemu ya kawo bayan rikicin zaɓen 2011. Duk sanda aka yi haka, mutuncin malamin ne ake kashewa, kuma ranar da aka sake buƙatarsa mutane za su ce ai mun ga irinta.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a ƙasa irin tamu. Gana ta kafa hukumar sasantawa a 2002, a cikinta akwai bishop na Katolika, Charles Palmer-Buckle, da malamin Musulunci. An miƙa rahoto a 2004, gwamnati ta fitar da shi, aka biya diyya ko da ba mai yawa ba ce. Gambiya ta fitar da rahoton abin da aka yi a zamanin Yahya Jammeh a ƙarshen 2021, ta biyo da farar takarda a 2022. Ba su fi mu lauyoyi ba, ba su fi mu arziki ba.

Saboda haka muna roƙo, cikin ladabi amma ba da wasa ba.

Mai girma Shugaban Ƙasa, ku umarci Ministan Shari'a da Sakataren Gwamnatin Tarayya su fitar da rahoton Oputa cikakke, da hatimin gwamnati, a kuma biyo shi da farar takarda da za ta faɗi shawarar da aka karɓa, da wadda aka ƙi, da dalilin ƙin. Idan lauyoyinku sun ga akwai sashen da hukuncin Kotun Ƙoli ya shafa, su nuna shi su yi bayani a fili, a saki sauran. Duk wanda aka ambaci sunansa a ciki, ko iyalinsa, a ba shi fili ya rubuta nasa martanin a buga tare. Ba farautar kowa muke nema ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Masu girma 'yan majalisa, giɓin da kotu ta nuna tun 2003 naku ne ku cike. An yi wa Tsarin Mulki gyare-gyare sau da dama tun daga lokacin, wannan bai samu shiga ba. Ku sa shi cikin gyaran da ke gabanku, ko kuma ku ƙarfafa dokar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2010, ta yadda za ta gaji koken da aka bari, ta tantance su, ta rubuta wa kowane iyali amsa. Ku kuma yi doka cewa duk kwamitin binciken da aka kashe wa kuɗin jama'a, dole a buga rahotonsa cikin ƙayyadadden lokaci, ba sai mai mulki ya ga dama ba.

A nemo takardun da kaset-kaset ɗin, a mayar da su cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Ibadan da Inugu, inda ɗalibi da ɗan jarida da ɗan mamaci za su iya zuwa su duba. A fassara taƙaitaccen rahoton zuwa Hausa da Yarabanci da Ibo da sauran manyan harsuna, a karanta shi a rediyo. Mafi yawan waɗanda suka dangwala yatsa a kan koke ba sa karanta Turanci, kuma ba daidai ba ne a ce labarinsu yana cikin harshen da ba za su iya ji ba.

A ware asusun diyya a cikin kasafin kuɗi. Mun san ba a sayen rai, kuma ba ma tsammanin dukiya. Amma akwai tsofaffin da duka ya naƙasa suna sayen magani da kuɗin bara, akwai marayun da karatunsu ya tsaya a ranar da aka tafi da uba. Tare da diyyar, muna son ban haƙuri daga bakin Shugaban Ƙasa, a madadin ƙasa, ba a madadin wata jam'iyya ko wata ƙabila ba. Game da Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas da aka rataye ranar 10 ga Nuwamban 1995, afuwar da kuka yi musu mataki ne, amma mutanensu sun ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema. A sake duba shari'ar a fili, a kuma saurari iyalan dattawan Ogoni huɗu da aka kashe a Mayun 1994, domin su ma jininsu jini ne.

Daga ƙarshe, ku kira Bishop Kukah da sauran 'yan kwamitin da ma'aikatansa da ke raye, tun ƙwaƙwalwa na da ƙarfi, su zauna da Ministan Shari'a da kwamitocin majalisa su nuna abin da ya saura da inda za a faro. A naɗi bayaninsu a ajiye. Ga ranar 12 ga Yuni tana zuwa kowace shekara. Muna roƙon wadda ke tafe ta zama ranar da Shugaban Ƙasa zai ɗora rahoton a kan teburin majalisa, a gayyato wasu daga cikin iyalan da suka kai koke su zauna a zauren su gani da idonsu.

Allah Ya ba ku ikon yin adalci, Ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
a madadin iyalan da ke jiran amsar kokensu.